Kyanwar da Ba Ta Kuka

Kyanwoyi uku ne a shagonmu na gyaran kujeru, kuma ranar da Yaya ya kawo kwamfuresa kowa a cikinsu ya nuna halinsa. Inji ne da ke cika tanki da iska, a jona masa bindigar ƙusa, kana dannawa tana harba ƙusa cikin katako. Aikin da Baba ke wuni yana yi da guduma, Yaya sai ya gama shi kafin shayi ya huce. Amma fa in injin ya tashi cika tankinsa, sai ka rantse babbar mota ce ta shigo shagon.

Rediyo, wadda dama don surutu muka sa mata sunan, ta haye kan kabad tana kwarara kuka kamar ana yanka ta, ta yayyage min wani yadi mai tsada da na ajiye a wurin. Tumbi, muzurun, kwano ya nufa. Ya cinye nasa, ya cinye na Rediyo, ya lashe kwanukan, sannan ya je ya tsula fitsari a kan sabon soso. Shi haka yake, in hankalinsa ya tashi cikinsa ne ke amsawa. Ita kuwa Sanɗa, 'yar siririya mai launin toka, ko uffan. Ta ƙame a ƙarƙashin keken ɗinkina, kunnuwa a kwance, idanu sun koma baƙi ƙirin. Ina ɗauke kai, ta sulale.

"Kun ga mai hankali," in ji Yaya. "Ko a jikinta."

Amma ni na san Sanɗa. Tana ƙarama ta taɓa shiga durowar da nake ajiye zare na rufe da ita, ta kwana biyu a ciki ina zaune a gefen ina ɗinki, ba ta ko yi motsin da zan ji ba. Zik na je ɗauka na tarar da ita a takure. Tun daga ranar na fahimci cewa tsoro ba kala ɗaya ba ne, kuma nata shi ne mai haɗari, domin ba ya kiran kowa.

Ni ce mai ɗinka rigunan kujeru a shagon. Na haura talatin, amma har yau Auta ake kirana, kuma da wannan sunan ake raina min magana. Yaya ke haɗa katako da soso. Baba shi ya kafa wurin, sai dai tun da injin ya zo ya koma kan benci a bakin ƙofa, yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi yana zubawa a gwangwani. Ba wanda ya ce masa ya koma can, shi ma bai ce komai ba. Yaya ya ce ai hutawa yake yi.

Akwai abin da Baba yake yi shekara da shekaru. Kowace kujera ana rufe ƙasanta da wani baƙin ƙyalle, shi ne aiki na ƙarshe. Kafin a rufe, Baba sai ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa ya laluba kowane lungu, har cikin ramin hannun kujerar. Ya fara ne tun ranar da ya rufe almakashinsa a kujerar wani mutum yana saurayi. Yaya yana kiran wannan ɓata lokaci, kuma da bindiga ta zo hannunsa ba ta jiran kowa.

Ranar Laraba muka gama aiki biyu aka kai wa masu su da la'asar: doguwar kujera ta ɗakin jira na wani likitan haƙori, da saiti guda na wata malamar makaranta mai ritaya. Ranar Alhamis da safe na zuba abinci a kwano uku. Rediyo ta zo, Tumbi ya zo ya cinye biyu. Sanɗa ba ta zo ba.

Na duba durowa, na duba bayan kabad, na ɗaga tarin soso ɗaya bayan ɗaya. Sai na tuna cewa jiya da rana kujerun nan a kife suke, ƙasansu a buɗe, injin kuma yana ta ruri. Na tsugunna inda suka kwanta. A jikin guntun baƙin ƙyallen da aka yanke aka yar, ga gashi mai launin toka.

"Yaya, ka laluba kujerun jiya kafin ka rufe?"

"Laluba me? Na duba mana."

"Ka duba ko ka laluba?"

"Ke Auta, da safen nan? Ina da saiti biyu a gabana."

"Sanɗa tana cikin kujerar mutane."

Ya yi dariya har da dafa ciki. "Kyanwa a cikin kujera tun jiya? Ai da yanzu ta tara unguwa da kuka, da masu kayan sun kira mu sun zage mu tas. Yawonta ta tafi, za ta dawo."

"Rediyo kake faɗa. Wannan ba ta kuka."

"To me kike so? In je in ce wa mutane ku ba ni in farke kujerar da na kawo muku jiya? Kin san sunan da za mu yi a gari?"

Na sani. Na kuma san zafin da ake yi, na san kwana ɗaya ya riga ya wuce ba ruwa, na san soso ya fi bargo riƙe zafi. Na ɗauki makullin motar kayanmu daga jikin ƙusa, na saka reza da tocila a jaka. Na ce ko ya bi ni ko kada ya bi ni, ni dai tafiya zan yi. Ya bi ni yana mita, don ya san in na je ni kaɗai bakina zai iya jawo mana abin da ya fi farke kujera. Baba yana kallonmu muka fita, guduma a hannunsa.

Gidan Malama muka fara zuwa, hawa na uku. Mace ce mai tsabta har da tsoratarwa, takalmanmu ma sai da ta nuna mana inda za mu jera su. Kujerun suna falo, ko ledar da muka lulluɓe su da ita ba ta gama cirewa ba. Talabijin na yi, jikokinta biyu suna tsalle a kan doguwar kujerar. Na ji tsallen nan har cikin haƙarƙarina.

Yaya ya yi bayani yana sosa ƙeya. Malama ta saukar da tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kyanwa," ta ce. "A kujerata."

"Tsammani dai ake yi, Malama. Ƙanwata ce ta matsa."

Ya durƙusa yana kira, "Mus, mus, mus!" Ya bubbuga kwano da cokali kamar yadda muke kiran Tumbi. Ya daki bayan kujera da tafin hannu. Yaran suka taya shi, suna ihu suna dukan sauran. Na ce su daina, ba wanda ya ji ni. Duk abin da za a yi wa Sanɗa ta ƙara maƙalewa, sun yi shi cikin minti biyar.

"Kin ji wani abu?" Yaya ya tambaye ni.

"Ai ba za a ji ba. Malama, don Allah ki bar ni in buɗe ƙasan, tsawon tafin hannu kawai."

"Da reza?" Ta dubi jakata. "'Yata, wata huɗu na jira kujerun nan. Jibi surukaina za su zo. An kira ba ta amsa ba, an buga ba ta motsa ba. Ni na koyar da yara shekara talatin da biyar, abin da ke da rai in ya matsu yana magana. Ku gaida gida."

A kan matakala Yaya ya ce, "Kin huta?" Na ce saura likita. Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce shi nake ji, shi ya sa.

Likitan haƙori mutum ne mai barkwanci, ya ce mu farke, dama marasa lafiyarsa suna buƙatar abin kallo. Mutum uku masu riƙe da kumatu suka tashi tsaye, muka kifar da kujerar, na ja reza. Na haska ciki. Babu kyanwa. Amma na zura hannu kamar yadda Baba ke yi, sai ga filayar Yaya mai jan mariƙi, wadda ya wuni jiya yana zargin na ɗauka.

Na ɗago ta na riƙe a gaban fuskarsa.

"To, filaya ce," ya ce a hankali. "Filaya ba ta da baki."

"Ita ma haka."

Ya manna ƙyallen da salatif, ya yi wa likita alkawarin dawowa da bindiga. A mota bai ƙara dariya ba. Rana ta riga ta take tsaka, sitiyari yana ƙona hannu. Na yi ta lissafin awoyi a raina, ashirin da biyu, ashirin da uku, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin Malama, na fi jin haushin kaina da ban duba ba tun jiya.

"Ba za ta sake buɗe mana ƙofa ba," in ji Yaya.

"Mu ba za ta buɗe wa ba."

Na juya motar zuwa shago. Baba yana nan inda muka bar shi. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, har da filayar. Ya saurara yana juya wata lanƙwasasshiyar ƙusa a tsakanin yatsu.

"An buga kujerar?" ya tambaya.

"An buga, Baba. Har da kwano."

Ya girgiza kai. Ya miƙe, ya shiga ciki ya ɗauko tsohuwar jakarsa ta fata, ya zuba ƙananan ƙusoshi, da abin zare ƙusa, da guntun soso, da sabon baƙin ƙyalle. Ya ce in ɗauko ƙaramin kwano da tsohon zanen da Sanɗa ke kwanciya a kai a ƙarƙashin kekena. Rezar kuma ya ce in bar ta a shago.

Matakalar nan ta ba shi wuya, sau biyu yana tsayawa. Malama ta buɗe ƙofa da faɗa a bakinta, ta ga furfura, ta haɗiye rabi.

"Baba, har da kai aka taso?"

"Ni na taso kaina, Malama. Shekara arba'in da shida ina wannan aiki, ban taɓa barin kujerar mutum da tabo ba. Ba zan yanka komai ba. Zan zare ƙusa in mayar da ƙusa. In kin ga bambanci, mu ɗauke mu yi miki sabuwa."

Yaya ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Malama ta dubi kujerun. "In kuma babu komai a ciki fa?"

"Sai ki yi mana dariya, kin ci riba."

Ta matsa ta ba mu hanya. Baba ya roƙa a kashe talabijin da fanka, a kai yaran ɗaki. Ya ce wa Yaya ya jira a waje, don warin man injin nan yana jikin rigarsa. Yaya ya fita ba musu. Falon ya yi tsit, har ina jin agogon bango.

Baba bai kira ba, bai buga ba. Ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kowace kusurwa kaɗan da hannu ɗaya, ya ajiye a hankali, kamar mai auna nama. Ƙananan biyu ya wuce su. A doguwar ya ɗaga hagu, ya ɗaga dama, ya koma hagu.

"Nan ta fi nauyi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Katako ɗaya, soso ɗaya. Bai kamata ba."

Ba mu kifar da ita ba, ya ce kada a juya mata duniya. Muka jingina ta da baya a hankali. Ya zauna a ƙasa ya fara zare ƙusoshin bindiga, guda-guda, yana jera su a kan hankici. Yaya ya harba sun fi ɗari a wannan gefen kaɗai. Ko zare ɗaya na ƙyallen Baba bai ja ba. Ni kuwa kamar in fizge ƙyallen da haƙori. Na dunƙule hannu na danne kaina.

Da ya buɗe tsawon kamu ɗaya, wani zafi da wari suka fito. Malama ta toshe hanci, idanunta suka firfito. Na kwanta rub da ciki na haska can gefe, ba cikin ramin kai tsaye ba. A ƙuryar hannun kujerar, tsakanin katako biyu, ga idanu biyu. Ta cusa kanta a wurin da ko takalmi ba zai shiga ba. Bakinta a ɗan buɗe, cikinta na hawa da sauka da sauri. Ta gan ni sarai, amma ko kunne ba ta motsa ba.

Hawaye suka zo min. Na miƙa hannu, Baba ya riƙe min wuyan hannu.

"In kin ja ta za ta ƙara shigewa, ko ta karya ƙafa. Ba ke take gani ba yanzu. Zuba ruwa."

Na zuba ruwa a kwano na ajiye a bakin ramin, na shimfiɗa zanenta a gefe. Muka ja da baya muka zauna a ƙasa, muka juya mata gefe, don Baba ya ce kallo ma matsi ne. Malama ta tsaya tsaye da farko, daga baya ta jawo filo ta zauna tare da mu a kan kafet ɗinta.

Minti goma. Minti ashirin. Ƙafata ta mutu, ban gyara ba. Na ƙudurta ko zuwa gobe ne ina nan, sai dai Malama ta kira 'yan sanda.

"Na yi wata ɗaliba," Malama ta ce cikin raɗa, ba tare da ta dubi kowa ba. "A layin baya take zama. Ba ta taɓa ba ni wahala ba, shekara guda. Na rubuta mata 'mai natsuwa' a takardar sakamako." Ta juyo ta dube ni. "Ɗazu na ce miki abin da ke da rai in ya matsu yana magana, 'yata. Ba haka ba ne."

Na ce mata ba komai.

Wajen minti hamsin muka ji ɗan ƙaramin sauti, lak, lak, lak. Ban waiga ba sai da wutsiyar ido. Kai kawai ta fito da shi tana sha. Ta shanye, ta tsaya. Sannan ta jawo jiki, ciki a ƙasa, ƙafafun baya suna rawa, ta hau zanen ta shinshina. Daga nan ta wuce ni, ni da na tsince ta na raine ta, ta je ta cusa kai a ƙarƙashin gwiwar Baba. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Amma da na tuna inda take wuni tun da injin ya zo, sai na gane ba yau suka fara zama tare ba, a benci na bakin ƙofa.

Na naɗe ta a zane na rungume. Baba ya nemi ruwa da sabulu ya goge cikin ramin, ya cire guntun soson da ta ɓata ya sa wani. Sannan ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa, ya laluba ko'ina, duk da mun san ba sauran komai. Ya watsa ƙananan ƙusoshi a baki kamar yadda ya saba, yana ɗauko su ɗaya-ɗaya da kan guduma. Tak, tak, tak, a hankali. Sanɗa tana ƙirjina ko firgita ba ta yi ba, wannan sautin da shi ta girma. Da ya gama, Malama ta sa tabarau ta duba layin ƙusoshin daga farko har ƙarshe, ta ce ɗaya gefen ne yanzu bai yi mata kyau ba.

Yaya yana zaune a kan matakala. Ya ga abin da ke hannuna, ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya karɓi jakar Baba ya riƙe masa har ƙasa. Shi ya tuƙa mu wurin likitan dabbobi, aka sa mata ruwa a ƙarƙashin fata, aka ce da ta ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin.

Muna jira a benci na waje, ni da Baba, Yaya ya tafi sayo mana ruwa. Na dubi hannayen Baba a kan gwiwarsa, duk tabon guduma.

"Baba, ranar da aka kawo injin nan ba ka ce komai ba."

"Ban ce ba."

"Mun ɗauka ka yarda ne. Yaya cewa ya yi hutawa kake."

Ya dubi titi. "Mako uku ke nan ina miƙar da ƙusoshin da ba mai amfani da su, Auta," ya ce. "Ke da kike da ido a kan kyanwa."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don ni ce mai cika baki cewa na san mai shiru.

Washegari na riga kowa zuwa shago. Na kwashe kwalaye daga ƙaramin ɗakin baya, na kai kwanon Sanɗa da zanenta can, inda rurin injin ba ya kai wa sosai. Na jawo bencin Baba daga bakin ƙofa na dasa shi a tsakiyar shago, gefen teburin da ake rufe kujeru. Na shirya faɗa, na tanadi maganganu tun daga gida, amma Yaya ya shigo ya ga bencin, ya dube ni, ya wuce ya kunna injinsa. Rediyo ta haye kabad ta fara, Tumbi ya nufi kwano.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Yaya ya gama kujerar farko. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya ɗaga bindiga. Na tsayar da kekena. Ya tsaya haka ɗan lokaci, sannan ya ajiye bindigar a kan tebur ya janye ƙyallen.

"Baba," ya ce, "ga ta nan."

Baba ya ajiye gwangwanin ƙusoshi, ya fara naɗe hannun riga.